Ranar Da Mayafi Ya Tsayar Da Fanka

 Na san abin da kuke jira, na kuma ji ƙorafin masu cewa na bar su a tsaye a ƙofar kotu tun makon jiya. To ku yi min afuwa, yau ba za mu shiga kotun nan ba. Akwai wata magana da ta tsaya min a maƙogwaro, in ban furzar da ita ba alƙalamin ba zai tafi daidai ba.

Ku gwada wani abu a gida. Ku tara yaranku da na maƙwabta, 'yan shekara goma zuwa sha biyar, ku tambayi kowa abin da yake so ya zama idan ya girma. Za ku ji likita, soja, lauya, nas, ɗan ƙwallo, sai wani ja'iri ya ce shi gwamna. Da wuya lissafin ya haura goma, ko da yaran sun kai hamsin. Dalilin kuwa a fili yake. Likita ya taɓa duba shi, soja yana ganinsa a shingen hanya, lauya ya gan shi a fim ko ya tsince shi a littattafan yayarsa. Amma wanda yake auna ƙasar gona ya faɗi irin takin da take buƙata, da wadda take leƙa ɗigon jini a madubi ta gano zazzaɓin cizon sauro, da wanda ya lissafa nauyin da gadar sama za ta ɗauka kafin a zuba siminti, da mai hasashen saukar damina, waɗannan duk yaron bai taɓa haɗa ido da su ba. Yana wucewa ta ƙarƙashin aikinsu kullum, bai san mutum ne mai cin tuwo irinsa ya yi ba.

Ni sakandaren 'yan mata ta kwana na yi a shekarun 1990. A shekara shida da na yi, baƙin da nake iya tunawa sun tsaya a gabanmu su ne masu wa'azi, da masu allurar rigakafi, sai jami'an ma'aikatar ilimi waɗanda saboda zuwansu ake sa mu shara da fentin duwatsu. Ranar da muka shiga aji huɗu malami ya shigo da takarda ya karanta sunaye, waɗannan kimiyya, waɗancan ɗaya ɓangaren, shi ke nan an gama rabon rayuwa cikin minti goma. Ni dai ba kuka nake ba, alƙalami ya rufa min asiri, alhamdu lillahi. Wadda nake tunawa kullum aminiyata ce da muke gado sama da ƙasa. Yarinyar nan kafin malamin lissafi ya gama rubuta tambaya a allo ta riga ta san amsa. An sa ta a kimiyya, ta kuma ci jarrabawa, sai dai ita a saninta ƙofa ɗaya ce tak a ƙarshen hanyar, wato likitanci. Da makinta bai kai na likita ba sai ta ɗauka an rufe, iyayenta ma haka suka ɗauka, aka yi mata aure aka wuce wajen. Babu wanda ya ce mata akwai injiniya, akwai haɗa magunguna, akwai ilimin ƙididdiga, akwai kwamfuta. Yau ita ce uwar adashen unguwarsu, tana riƙe da zubin mata sama da arba'in a ka, ba ta taɓa ɓatan kwabo ba. Duk sanda na ga tana wannan lissafin tana jan carbi sai in ji wani abu ya soke ni.

Abin da ya tayar min da wannan tsohon mikin shi ne wani taro da makarantar autata ta shirya bara, lokacin tana aji uku na ƙaramar sakandare. Sun kira shi ranar zaɓen sana'a, suka gayyato ma'aikata su yi wa yara bayani, suka ce iyaye ma su zo. Na je ne don kada yarinya ta waiga ta ga babu nata.

Babban baƙo wani mai muƙami ne, sai da aka ɗauki kusan minti biyar ana jero laƙabansa. An ce ƙarfe goma, ya iso sha biyu saura. Ya zaro takarda ya shiga karatu da Turanci, irin Turancin da ko malaman sai sun kasa kunne da kyau. Ya faɗi muhimmancin kimiyya ga ci gaban ƙasa, ya kawo Japan, ya kawo Koriya, ya ce yara su ne manyan gobe. Duk gaskiya ya faɗa, ba na ɗaukar alhakinsa. Amma ina kallon yaran a ƙarƙashin rumfa, wata tana gyangyaɗi, wata tana zane a ƙasa da tsinke. Da ya gama aka tafa, ya shiga mota. A hanyar gida na tambayi autata, shin mutumin nan mene ne aikinsa? Ta yi shiru, can ta ce, "Mama, babban mutum ne dai."

Wadda ta biyo bayansa a adaidaita sahu ta zo. Ba za ta wuce shekara talatin ba, da dogon hijabinta, ga kwali biyu an sauko mata da su. Ba ta hau dandamali ba. Ta karɓi lasifika ta ce da Hausa, "Wace ce a cikinku aka taɓa tasa da tsakar dare ta yi guga saboda sai a lokacin aka kawo wuta?" Kai, sai ga hannuwa a sama, har da namu na iyaye. Ta fito da farantin sola ta jingina shi a rana, ta jona masa wata 'yar fanka, fanka ta kama juyawa. Sannan ta ciro mayafi daga jakarta ta yafito wata 'yar ƙarama daga sahun gaba.

"Ƙanwata, zo ki rufe min rabin farantin nan."

Yarinya ta rufe, fanka ta rage gudu kamar mai jin barci.

"To rufe shi duka."

Fanka ta tsaya cak. Yarinyar ta yaye mayafin da kanta ba a ce mata ba, fanka ta tashi. Ta sake rufewa, ta sake yayewa, tana dariya. Jama'a, ihun da yaran nan suka yi kai ka ce ƙwallo aka jefa a raga. Waɗanda ke barci ɗazu su ne har da hawa kan benci.

Daga nan ta bi abin daki-daki. Ta ce hasken rana ne farantin yake sha, zafinta ba ya ƙara masa komai, hasali ma in ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake yi. Ta nuna batir ta ce nan ne rumbun da ake tara wutar don dare. Ta nuna wani ɗan akwati da ke tsakanin faranti da batir, wanda yake hana batirin ƙoshi har ya lalace. Ta nuna inbata, ta ce wutar batir hanya ɗaya take bi, ta gidajenmu kuwa kai-komo take yi, shi ne yake juya wannan ta koma waccan don talabijin da firji su karɓa. Ta ɗebi ƙasa ta barbaɗa a kan farantin, fanka ta yi sanyi, ta ce, "Kun ga abin da hunturu yake yi wa solar gidanku. Mutane su yi ta zagin batir, alhali tsumma da ruwa kawai ake nema." Ni da na yi shekara shida a sakandare, ranar na fara gane abin da ake nufi da wutar lantarki.

Amma abin da ya fi kama ni ya zo ne bayan ta ajiye kayan. Ta ba su labarin hanyar da ta biyo, ba ta share ƙayoyin ba. Ta ce sau biyu ta zauna JAMB. Ta ce ba jami'a ta samu ba, kwalejin kimiyya da fasaha ta shiga ta yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, ta yi shekara guda tana koyon aiki a shagon wani mai haɗa sola inda ta fara da miƙa sukundireba, sannan ta koma ta yi babbar difloma. Ta ce su uku ne mata a ajinsu. Sai ta ɗauki alli ta rubuta a allo abin da ake nema: kiredit biyar a WAEC ko NECO, a ciki lallai da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri ga mai son injiniya, mai son ɓangaren asibiti kuma ya haɗa da Bayoloji. Ta juyo wajenmu ta ce, "Iyayena, ku duba nan. Ƙofar nan a aji ɗaya na babbar sakandare ake shigarta. Yarinyar da ba ta ɗauki Fiziks da Kemistiri a nan ba, ranar cike JAMB ko ta yi kuka ba za a buɗe mata ba." Matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Hajiya, wallahi 'ya'yana uku sun wuce wajen nan ban san haka ba."

Da aka ba da damar tambaya, wata doguwa daga baya ta miƙe ta ce, "Anti, kina da aure?" Wuri ya kaure da dariya, wata malama ta daka mata tsawa. Baƙuwar ta ce a ƙyale ta, ai tambayar da ke zuciyar kowa ta yi. Ta ce tana da aure da yara biyu, ƙaramin ma yana wajen kakarsa yanzu haka. Wata ta ce, to kina hawa rufin ɗaki? Ta ce tana hawa in ta kama, da wandonta a ƙarƙashin hijabi, amma yanzu tana da yara maza biyu da take biya su hau, ita tana ƙasa tana awo da lissafi. Ta ƙara da cewa akwai gidajen da maigida ba zai bar namiji ya shiga ɗakin matarsa ya ja waya ba, ita ake nema, har layi ake bi. Ina ganin wannan amsar ta yi aikin da takardar babban baƙo mai shafi goma ba ta yi ba, domin tsoron da ke hana 'ya'yanmu mata wannan hanya ba na lissafi ba ne kaɗai. Suna tsoron a ce sun yi boko sun rasa miji, iyayensu kuma sun fi su tsoro.

Na shafe sama da shekara ashirin ina rubuta littafi, kuma in akwai abin da kasuwa ta koya min shi ne mai karatu ba ya bin wa'azi, mutum yake bi. Ka ba shi yarinya mai buri, ka sa mata shinge a gaba, zai hana idonsa barci sai ya ga yadda ta ƙare. Sau nawa 'yan mata suka ce min saboda wata tauraruwar littafi suka ƙudura karatun lauya? A kasuwarmu likitoci da lauyoyi sun yi yawa har suna karo da juna, injiniya kuwa in ya fito to saurayi ne mai mota da ya dawo daga Ingila, ba a taɓa ganinsa da datti a hannu ba. Baƙuwar nan dabarar marubuta ta yi amfani da ita ko ta sani ko ba ta sani ba. Ta sa kanta a matsayin tauraruwa, ta nuna inda ta faɗi, ta bar yara suka taɓa abin da hannunsu. Gani ya kori ji.

Kuma kada wani ya ce ba mu da mutanen da za su je. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take jihar Jigawa. An yi haka ne saboda a lokacin asibitoci da ma'aikatun jihar sun rasa 'yan ƙasa masu ilimin kimiyya. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda mu marubuta muka fi sani da tsaya mana lokacin da ake yi wa littattafanmu ruwan duwatsu, asalinsa malamin koyar da kimiyya ne, kuma a kan waɗannan makarantun ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988. Shekara kusan hamsin ke nan makarantun suna yaye ɗalibai. Suna nan a asibitoci da jami'o'i da kamfanoni, gida da waje. Da kowannensu zai ba da wuni ɗaya a shekara, ya koma firamaren ƙauyensu ko sakandaren unguwarsu da kayan aikinsa a jaka, da yaran da na ce ku tambaya sun ba ku amsa fiye da goma.

Wanda ma yake ganin nasa labarin bai kai ba, ai akwai na aro. Ga Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci, ya yi kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit ta Amurka ya koyi zayyanar mota, ya shiga kamfanin General Motors, har ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 shi ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Nijeriya. A gaya wa malamin da yake zane yaro saboda ya yi zane a bayan littafi. Ga Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, tana cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin da ta zubar ya taru a ciki a gan shi da lamba maimakon a kintata da ido, da ya kai wani mizani sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya ba a bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan ya rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Wace yarinya ce a garin nan ba ta san wata da jini ya tafi da ita wajen haihuwa ba? Ka gaya mata 'yar Kano ce ta taya gano wannan, ka ga yadda idonta zai buɗe.

Amma ni wanda na fi so a ba yara labarinsa shi ne marigayi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya ga yadda manoma suke asarar kayan miya saboda babu wuta balle firji. Sai ya ɗauki tukunyar ƙasa babba, ya sa ƙarama a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jiki in iska ta kaɗa. Yalon da yake lalacewa a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Dabarar sanyaya ruwa a randa kakanninmu sun san ta, shi abin da ya yi shi ne ya fahimci dalilin, ya gyara, ya auna, ya yaɗa. Da ya ga mutanen ƙauye ba sa karanta takarda sai ya shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo, ana kafa ƙyalle da janareta ana haska musu da daddare. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Kun ga shi ma da labari ya sayar da kimiyyarsa.

Sai dai kada in yi muku romon baka. Jawabi ba ya gina ɗakin gwaje-gwaje. Akwai makarantun da yaro zai gama aji shida bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ana saura mako biyu jarrabawa, akwai inda malami ɗaya yake koyar da Fiziks da Kemistiri da Lissafi. Ka zo ka kunna wa yaro wuta a zuciya ka tafi ba ka waiwayo ba, wani lokacin ka bar shi da ƙuna ne kawai. Abin da ya sa na ƙara ganin girman baƙuwar nan, ta bar lambarta a wajen shugabar makaranta, kuma ta dawo. A hutun ƙarshen shekara ta ɗauki yara shida suka yi mako biyu a shagonta, da iznin iyayensu a rubuce.

Wani abin kuma, a taron nan iyaye maza ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, alhali a gidajenmu su ne masu yanke magana. Baban yara ma bai je ba, yana kasuwa. Da autata ta ce ita kimiyya za ta shiga, cewa ya yi hanyar ta yi tsawo ga 'ya mace, ga tsadar littattafai, ga kuɗin darasin yamma, ta bi sahun yayyenta mana. Ban ja da shi ba, na san halin kayana. Ana nan hunturu ya shigo, 'yar solar da muke da ita ta fara ɗaukewa tun kafin sallar isha'i, ya fara lissafin kuɗin sabon batir yana tsaki. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah kafin ka saya a bari Yaya ya hau ya wanke farantin." Ya dube ta kamar zai yi magana, ya fasa. Yayanta ya hau da bokiti, tana ƙasa tana ce masa kada ya sa omo mai yawa, kada ya kankare da ƙarfe. Ruwan da ya gangaro ja wur. Daren nan har muka yi barci fitila tana ci. Bai ce komai ba, mazan Hausawa kun san su. Ranar Juma'a ya dawo da littafin Fiziks sabo a leda, ya ajiye a kan tabarma ya ce, "Ba wa 'yar taki."

Yanzu tana aji ɗaya na babbar sakandare, kuma ba zan ɓoye muku ba, Kemistiri yana ba ta wuya, ranar nan har da hawaye. Ko za ta kai ko ba za ta kai ba, Allah ne masani. Da na ba ta labarin Bah Abba sai ta sa ni sayen tukwane biyu, ta aiki yara suka ɗebo mata yashi a inda ake gini. Suna nan a zaure inda iska take ratsawa, tana jiƙa yashin safe da yamma, ta ajiye wani tumatirin a kwando a gefe don ta gwada bambanci, tana rubuta kwanaki a bayan kalanda. Na kwandon tun ranar Talata na zuba su a miya kafin su zama asara. Na cikin tukunyar yau kwanansu goma sha ɗaya, ta hana kowa taɓawa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kotu.